Sojan da Maidaji Ya Zaunar

Duk Bahaushen da ya yi fataucin Guangzhou a shekarun nan da China ke ta shirin wasannin Olamfik, da wuya a ce bai san Saje Maidaji ba, ko da sunan ya shige masa. Shi ne dogon mutumin nan mai tsage a kumatu, wanda ke tsayawa a ƙofar wani siton kago da ke bayan kasuwar tufafi ta Baima, da salatif a wuyan hannu kamar munduwa. Idan ka gama sayen rigunanka da wandunanka, shi za ka kai wa. Ya danne su cikin buhu da gwiwa, ya ɗaure, ya rubuta sunanka da na garinku, sannan ya gaya maka ko jirgin sama za su bi daga Baiyun, ko kuwa su jira kwantena a tashar ruwa ta Nansha. Ba ya doguwar magana. 'Yan Kano suna ce masa Saje, 'yan China masu tura kaya suna ce masa Lawban, wato maigida, alhali ko kujerar da yake zama a kai ba tasa ba ce.

Mutumin Tudun Marke ne, wani gari a ƙasar Zuru inda kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa sa kaki. Tare suka shiga soja da abokinsa Dogara. Shi Musulmi, Dogara Kirista, amma gidajensu katanga ɗaya, kuma tun suna kiwon awaki ba a raba su. Tare aka loda su a jirgin ruwa zuwa Laberiya lokacin yaƙin basasar ƙasar. Maidaji ya dawo. Dogara can aka binne shi a gefen wata fadama kusa da Monrovia, cikin gaggawa, ko alama ba a sa wa kabarin ba.

Bayan ya ajiye kaki ya yi gadi a Kantin Kwari a Kano. Matarsa Fasuma ta rasu a wannan tsakanin, 'yarsu ɗaya ta yi aure a Kontagora. Wani attajirin yadi da ya ga hannunsa ba ya ɗauka ya turo shi Guangzhou ya riƙa duba masa lodi. Daga baya kasuwar attajirin ta karye, shi kuwa Maidaji ya zauna, don ba wanda ke jiransa a gida. Ya kama ɗan ɗaki a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata suka fi yawa. Abinci kuwa a wurin Tankari yake ci, wani mutumin Maraɗi da ya mayar da falon gidansa a hawa na bakwai wurin sayar da tuwo. Matar Tankari, Habsatou, karatu ya kawo ta ƙasar, ta gama jami'a ta zauna, kuma tana jin Sinanci kamar a nan aka yanke mata cibi.

A ƙarshen shekarar 2007 aka kira shi daga gida. Kyaftin Suleiman ne mai ritaya, shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Tudun Marke.

"Saje, kana jina? Ƙungiya ta zauna da ƙaramar hukuma. Za mu kafa mutum-mutumin soja a shataletalen tsakiyar gari, don tunawa da yaranmu da ba su dawo ba."

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Ka dai san wanda maƙwabtanmu suka yi da siminti. Hannuwa har gwiwa, kai kamar ƙwarya, yara suna ce masa Gwaggon Biri. Mu ba ma son abin dariya. Na tagulla muke so, wanda baƙo zai gani ya rage gudun mota. An ce a nan China ake zuba su."

"Ana yi, ranka ya daɗe."

"To kai ne idonmu. Fuskar kuma ta Dogara za a sa. Mero ta yarda, ta ba da hotonsa."

Da ya ji sunan, Maidaji ya zauna a kan buhun da yake ɗaurewa. Mero ita ce matar Dogara. Rabon da ya iya haɗa ido da ita tun ranar da ya kai mata jakar mijinta.

Hoton ya iso a hannun wani ɗan kasuwa. Dogara ne ranar da suka gama horo a Zariya, kumatu cike, hula a karkace, yana ƙoƙarin danne dariya.

Maidaji bai san komai game da mutum-mutumi ba, don haka wata Lahadi Tankari da Habsatou suka kai shi wani lambu a tsakiyar birnin, inda 'yan China ke tunawa da nasu mutanen da suka mutu a wani tawaye. A can akwai wani ƙaton hannu na dutse da ya fito daga cikin duwatsu riƙe da bindiga, bakinta yana duban sama, tsawonsa ya fi bene.

Tankari ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. "Awo! Wannan shi ne aiki. Ko ba ka san labarin ba, ka san an yi maza a nan."

"Ni tsoro yake ba ni," in ji Habsatou.

Maidaji ya daɗe yana kallo. A ƙarƙashin hannun wasu tsofaffin mata suna rawar motsa jiki da mafitai, ko ɗayarsu ba ta ɗaga kai ba. Ya ce, "Ina mai hannun?"

"Wane mai hannu kuma, Saje?" in ji Tankari.

"To ai hannu kawai na gani."

Habsatou ce ta samo musu mai aikin. Wani tsoho ne, sunansa Liang, yana da rumfar zubin tagulla a bayan gari wajen Panyu, inda hayaƙi ke sa ido ruwa. Harabar cike take da zakuna da gaggafa da manyan mutane masu nuna yatsa, duk suna jiran masu su. Tsohon yana yawan tari, kuma hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Ya karɓi hoton, ya ji abin da ake so, ya ce aiki ne da ya saba. Zai fara ginawa da yumɓu, idan an gani an yarda, sai a zuba tagulla.

Da suka koma ganin yumɓun, har Habsatou sai da ta ce masha Allah. Soja ne tsaye, ƙirji a gaba, ƙafa ɗaya a kan dutse, bindiga a sama, haɓa a ɗage. Maidaji ya ɗauki hotonsa a waya, ya kai gidan Tankari lokacin abincin rana, wayar ta bi hannu hannu.

"Kai, wannan ko a Abuja aka kafa shi ba a ji kunya ba."

"Dubi damtse! China dai ba a bar su a baya ba."

"Amma idon kamar na ɗan China."

"Idon me? Wa zai hau sama ya duba ido?"

Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓar wayar, Alhaji Abdulrasheed mai shadda, dattijo ne da ake jin maganarsa. Ya ce, "Saje, ni mai kyau da mummuna duk ɗaya ne a wurina. Gunki ne. Wanda ya mutu addu'a yake bukata, ba tagulla ba. Kuma kai Musulmi ne, ka yi tunani."

"Na ji, Alhaji. Allah ya saka."

Maganar ta tsaya masa a rai, amma ba ita ce ta fi damunsa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne duk lokacin da ya buɗe hoton, ba ya ganin kowa. Hancin na Dogara ne, kunnuwan nasa ne, amma mutumin baƙo ne. Ya tura wa Kyaftin hoton, Kyaftin ya kira yana murna, ya ce a zuba kawai. Maidaji ya ce to. Sai kuma ya roƙi Habsatou ta sake raka shi Panyu.

Ya tsaya gaban yumɓun ya ce, "Hajiya, ki gaya masa aikinsa ya yi kyau. Amma wannan ba shi ba ne."

Ta fassara. Tsohon bai nuna ɓacin rai ba. Ya goge hannu, ya jawo kujeru, ya zuba musu shayi a 'yan ƙananan kofuna, sannan ya yi tambaya.

"Ya ce, ganinka da shi na ƙarshe, yaya yake?"

Maidaji bai taɓa ba kowa wannan labarin ba, har Mero. Wataƙila don mai tambayar ba ya jin Hausa ne, bakinsa ya buɗe. Ya ce sun yi makonni a cikin fadama, ruwa iya gwiwa, ba halin cire takalmi. Ƙafafun mutane suka jiƙe suka yi fari, fata tana saɓulewa tare da safa. Dogara ya rame har wuyansa ya zama kamar na zakara. Wata safiya harbi ya lafa, suka sami tudu. Dogara ya zauna a kan akwatin harsashi, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya jingine bindiga a kafaɗa, ya sunkuya yana kallon ƙafafunsa. Ya ce masa, Maidaji, ka ga abin da ya rage. Shi kuma ya ce bari ya ɗebo masa ruwa mai tsabta ya wanke. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar fashewar bam. Da ya juyo, babu akwatin, babu tudun.

Habsatou ta fassara rabi, ta tsaya, sannan ta ƙarasa.

Liang ya yi tari mai tsawo. Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku, ya yi magana a hankali.

"Ya ce shi ma yana saurayi an kai shi yaƙi a kan iyakarsu ta kudu, can ya baro waɗannan. Ya ce tun daga lokacin yake gina sojoji a tsaye, ya cika garuruwa da su, amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya haka ana wuta ba." Ta saurara. "Ya ce zai iya gina maka wanda ka faɗa. Amma mutanenku ba za su so shi ba."

"Ki ce ya gina."

Habsatou ba ta fassara ba. Ta juyo ta dube shi. "Saje, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba kai kaɗai ke da shi ba. Yana da mata, yana da 'ya'ya, kuma gari ne ya aiko ka. Ka kira su tukun."

"Idan na kira su, za su ce a'a."

"To ka gani."

"Su ba su je ba, Hajiya. Ki ce ya gina."

Ta gaya masa. Tsohon ya tashi, ya ɗauki wata wayar ƙarfe siririya, ya yanke hannun da ke riƙe da bindiga daga kafaɗa, ya jefa shi cikin baho.

Daga nan duk lokacin da Kyaftin ya kira, Maidaji sai ya ce ana kan aiki. Ƙarya bai yi ba, gaskiya kuma bai faɗa ba.

Ana cikin haka sai gari ya canza. Da shekarar wasannin ta kama, hukuma ta tsaurara maganar biza. Da can mutum yakan tsallaka Hong Kong ko Macau a sabunta masa ya dawo, yanzu sai aka ce kowa ya koma ƙasarsu ya nemo. 'Yan sanda suka fara tsayawa a gadar masu ƙafa ta Xiaobei suna tambayar fasfo. Mutane suka yi ta tattara kaya. Bizar Maidaji ta zo ƙarshe a daidai lokacin da yumɓu na biyu ya kusa kammaluwa.

Tankari ya ce, "Ka tafi gida, Saje. Ka bar mana, mu loda maka shi."

"In na tafi ba na dawowa, ka sani. Kuma ina so in ga an zuba."

"Don mi? Ƙarfe ne fa."

Bai tafi ba. Ranar da bizar ta mutu yana rumfar Liang, a gaban wani mutum na yumɓu zaune a kan akwati, ƙafa ba takalmi, kai a sunkuye, ƙasusuwan wuya a waje. Yatsun ƙafar a kumbure suke, tsohon bai ɓoye komai ba. Maidaji ya zagaya shi, ya durƙusa don ya ga fuskar daga ƙasa. Da ya gan ta, sai ya zauna nan a ƙasa. Ma'aikatan rumfar suka fita suka ba shi wuri.

Wannan karon bai so nuna hoton ba, amma mutane suka matsa. Wayar ta sake bin hannu hannu a falon Tankari.

"Saje, ina wancan na farko?"

"An rushe."

"Subhanallahi. To wannan mabaraci ne ko majinyaci?"

"Kamar wanda aka ci da yaƙi."

"Ni wallahi da na gan shi a hanya sadaka zan ba shi."

Wani ɗalibin likitanci ɗan Zinder ya ce shi a ganinsa wannan ne aikin gwani, wancan kuwa kowa na iya yi, ana sayar da irinsa a kasuwa. Aka taso masa. Wani ya ce ai ba don 'yan boko ake kafawa ba, don jama'a ne, kuma jama'a ba sa son a tuna musu da wahala, suna da ita a gida. Alhaji Abdulrasheed ya karɓi wayar a wannan karon, ya daɗe yana dubawa, ya mayar. Ya ce, "Maganata tana nan yadda na faɗa. Amma wannan bawan Allah ya sha wuya." Ya tashi bai ƙarasa tuwonsa ba.

An zuba tagullar ana tsakiyar zafi da ruwan sama. Aka kulle shi cikin akwatin katako, aka sa a kwantena tare da dilolin wanduna da kwalayen takalman mata. Maidaji bai iya raka shi Nansha ba, don akwai shingen bincike a hanya. Ya tsaya a ƙofar sito har motar ta sha kwana.

Watan wasannin a ɗaki ya yi shi. Ba ya fita sai dole, Habsatou ke aiko masa da abinci. Ta bango yana jin talabijin ɗin maƙwabta, ana ta kiɗa da tafi da taken ƙasa. Duk takun da ya ji a matakala sai ya miƙe tsaye. Mutanen da ya sani wasu an kama su, wani ɗan Inugu ya diro ta taga yana gudun bincike ya karya ƙugu. Bayan an gama wasannin abin bai sassauta sosai ba, amma ciki ya fitar da shi. Ya koma sito, yana bin lunguna, yana sa hular da ke rufe rabin fuska.

An buɗe mutum-mutumin a watan Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Akwatin ya isa a makare, an ɗora shi a kan dakalinsa ana gobe biki, magina kaɗai suka gan shi, suka lulluɓe shi da koren ƙyalle. Wani ɗan kasuwa daga Yawuri ya zo da faifan bidiyon bikin, aka sa a talabijin ɗin Tankari. Maidaji ya zauna a baya.

An ga rumfuna, an ga 'yan makaranta da tutoci, an ga tsofaffin sojoji sun yi layi da lambobinsu a ƙirji. Shugaban ƙaramar hukuma ya yi jawabi a kan jarumtar mutanen Tudun Marke. Mai bigila ya busa. Aka ja ƙyallen.

Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Mai ɗaukar hoton ya juya kan Kyaftin, bakinsa a buɗe. Sai wata murya daga cikin taron ta ce, "Kai, zawo yake yi!" Dariya ta tashi daga bayan fili ta yi gaba, har 'yan makaranta suna faɗuwa a kan juna. A falon Tankari ma wani ya tuntsire, sannan ya tuna wanda ke bayansa, ya mayar da ita tari. A gefen hoton an ga wata mace da fararen kaya, Mero ce, ta ja mayafi ta rufe fuska, wasu samari biyu suka kama ta suka fita da ita.

Tankari ya kashe talabijin. Ba wanda ya waiwaya.

Kyaftin ya riga ya kira tun ranar bikin, Maidaji ne bai ɗauka ba. Da ya sake kira bayan an kalli faifan, ya ɗauka.

"Saje, me muka yi maka?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Hoton da ka turo mana daban, abin da ka aiko daban. Ka san sunan da aka sa masa? Sojan Zawo. Masu mota suna cewa a sauke su a Zawo. Maƙwabtanmu da muke yi wa dariya yanzu hayar mota suke yi su zo kallo."

"Haka yake a ranar, ranka ya daɗe."

"Na san haka yake! Kana tsammani ban je ba? Ni ma ƙafafuna sun ruɓe. Don haka ne ba na son in gan su a tsakiyar gari kullum in zan tafi kasuwa." Ya yi huci. "Kofur Audu na ƙungiyarmu tun ranar yake zuwa da bokiti da safe yana wanke masa ƙafa, mutane suna cewa ya taɓu. Ka ga abin da ka jawo."

Kiran Mero shi ne ya ɗauki lokaci. Da ya samu ƙarfin hali ya kira, ta ɗauka, suka gaisa kamar ba komai, ta tambayi sanyi, ya tambayi yara.

"Maman Istifanus, na kira ne a kan..."

"Na sani." Muryarta ba ta tashi ba. "Saje, tun suna ƙanana nake gaya wa yaran nan ubansu jarumi ne. Ba su san shi ba, abin da na gaya musu shi suke da shi. Na ba da hotonsa mafi kyau. Ka ɗauka ka zaunar da shi a gaban duniya ba takalmi. Istifanus ya yi faɗa a tasha an fasa masa baki."

"Ban yi don in wulaƙanta shi ba. Allah ya sani."

"Na yarda. Kai ka gan shi haka, kai ya dama. Ni da ban gani ba, me ya sa ka nuna min?"

Ta jira, sannan ta ce a gaida mutanen China, ta kashe.

Ya koma Panyu sau ɗaya bayan wannan, shi kaɗai, don bai so ya sake ɗora wa Habsatou. Liang ya rame, tarin ya ƙaru. Da ɗan Sinancin kasuwa da hannu Maidaji ya nuna masa: mutane, dariya, ba kyau. Tsohon ya gane. Ya gyaɗa kai, ya nuna zakunan da manyan mutanen da ke harabar, ya ɗaga babban yatsa yadda masu saye ke yi, sannan ya tofar da yawu a ƙasa. Ya shiga ciki ya fito da ɗan ƙaramin samfurin yumɓu da ya fara gwadawa da shi, ya miƙa masa. Maidaji ya girgiza kai, ya ce meyo, wato babu, ba shi da inda zai ajiye. Suka zauna kan shayi har kofunan suka huce.

Da bazara ta shigo aka kama shi. Da rana tsaka ne, a ƙofar sito, yana tsugune a kan buhu. Samarin da ke wurin suka watse ta ƙofar baya, wani ya ja rigarsa yana cewa Saje taso. Bai taso ba. Ya ƙarasa ɗaurin da ya fara, ya miƙa fasfonsa da matacciyar biza. Ya yi watanni a tsare, a ɗaki ɗaya da mutanen ƙasashe daban-daban, har Tankari da Alhaji Abdulrasheed suka haɗa masa tikiti. Daga wurin tsarewar aka wuce da shi Baiyun, aka buga masa hatimin hana dawowa. Bai yi sallama da kowa ba.

Kafin ya sauka Najeriya an riga an cire mutum-mutumin. An ce an kai shi bayan sakatariya an ajiye cikin ciyawa, daga baya 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka fara da bindigar da takalman, don su ne masu sauƙin yankewa. A kan dakalin an kafa wani na siminti da wani magini ya yi, soja tsaye da bindiga a sama, an shafe shi da koren fenti mai ƙyalli. Kansa ya ɗan yi girma, amma mutane sun ce ba laifi, har angwaye suna zuwa ɗaukar hoto a gabansa.

Maidaji Kano ya tsaya. Ya koma gadi a Kantin Kwari, a wani sito da ake sauke kayan China. Idan fatake suka gane shi suka ce, a'a, Saje na Guangzhou, sai ya amsa gaisuwa ya koma kan bencinsa.

Sau ɗaya ya yi niyyar zuwa gida, da ya ji Kofur Audu ya rasu. Ya yi wanka, ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya shiga mota. A Gusau aka tsaya shan mai da salla. Wasu fasinjoji biyu 'yan garinsu, waɗanda ba su san shi ba, suna ta hira, ɗaya yana gaya wa ɗayan inda zai sauka. Ya ce a sauke shi a Zawo, daga nan zai hau babur. Ashe sunan bai tafi tare da tagullar ba.

Da direba ya yi hon kowa ya koma, kujerar Maidaji ba kowa. Yaron mota ya leƙa masallaci, ya leƙa wurin mai shayi, ya same shi zaune a kan wani dutse da jakarsa a cinya.

"Baba, kai ake jira."

"Ku tafi. Na fasa."

Ya kwana a tashar, da safe ya bi motar farko zuwa Kano. Ya rasu bayan 'yan shekaru a asibiti, ciwon ƙirji, 'yarsa tana gefensa. 'Yan Kwari ne suka yi masa sutura, kuma daga Tudun Marke Kyaftin Suleiman ya aiko da mutum biyu gaisuwa.